Yadda Abdulmuhaimin Ya Kori Sauti Daga Rajista

Sunana Malama Haulatu Indabawa. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamare a nan Enugu, tara daga ciki ina shugabar makaranta, kuma ban taɓa barin kuskure ya kwana a littafin yaro ba tare da jan biro ya bi ta kansa ba. Saboda haka ba zan zuba ido labarin abin da ya faru a Onitsha ya ci gaba da yawo a karkace ba. Wasu na cewa kwamfutata ta kama da wuta. Ba ta kama ba. Wasu na cewa na mari Abdulmuhaimin a gaban shugabanni. Ban mare shi ba, tebur ne ya shiga tsakaninmu. Ga yadda aka yi, daki-daki, kuma a ƙarshe zan faɗi abin da nake nema.

Kowa ya san halin yaranmu da aka haifa a Kudu. Ka ce wa yaro "Ina kwana?" ya dube ka ya ce "I dey." Ibo a bakinsu kamar ruwa, Hausa kuwa sai ka ce ana cire musu haƙori. Da na yi ritaya sai na zauna na rubuta darussa goma sha biyu, daga gaisuwa har zuwa karatu, na ɗauki muryata da waya a ɗakina da ke unguwar Uwani. Wata uku na yi ina wannan aiki.

Haɗaɗɗiyar ƙungiyar Hausawan Fatakwal da Onitsha da Enugu tana taronta sau ɗaya a shekara, na bana kuma a Onitsha ne, ranar Asabar. Shugabanta, Alhaji Mijinyawa, mai manyan motocin kaya a tashar Upper Iweka ta Onitsha, ya ba ni minti goma in sa wa jama'a su ji. In sun amince, za a riƙa sa wa yara darussan duk Asabar a garuruwan uku. In ba su amince ba, sai baɗi. Ni kuwa a shekaruna ba na wasa da baɗi.

Matsala ɗaya ce. Shagon askin Monday yana jikin tagata, janaretansa kuma ba ya hutawa. Duk inda na ce "Sannu da zuwa," janareta na ƙarƙashi yana ta gurnani.

Maƙwabciyata Jemimah, 'yar Zonkwa, ita ke kula da lasifikokin majami'arsu, kuma ita ake ɗauka duk taron da ake son a ji magana. Ranar Litinin na tura mata darasi na farko ta waya, ta saurara, ta shigo ta ce, "Mama, wannan ba komai ba ne. Akwai wata manhajar gyaran sauti ta kyauta. A sauke ta, a nuna mata kukan janareta, ta tsince shi kamar tsakuwa a shinkafa. Yau zan hau mota zuwa gida biki, amma in na dawo ranar Juma'a, minti ashirin sun ishe ni."

Da na jira Juma'a, da yau ba na wannan rubutu.

Ashe Abdulmuhaimin yana kan kujerar Monday, ya kasa kunne ta taga. Tsohon ɗalibina ne, na koyar da shi a aji huɗu. Yanzu yana da shago a unguwar Abakpa Nike inda yake sayar da caja da rigar waya, ya rubuta "Injiniya" a saman ƙofa da harufan da suka fi ƙofar faɗi. Sai ga shi ya faɗo mana da sallama, rabin kansa a aske, ƙyallen aski a wuya.

"Malama, barka da rana. Ki gafarce ni, kunnena ne ya kasa jurewa. Manhajar da aka riga aka gina za ki sauke? Ke da kanki? Wannan ai abincin gefen titi ne, ba ki san hannun da ya dafa ba."

Na ce, "To wanne ne na gida?"

Ya gyara ƙyallen kamar babbar riga, ya fara bayani. Ya ce masu manhajar sun bar rubutun da aka gina ta da shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, shi ake kira tushe. Gwani ba ya sauke ginanniya, tushen yake ɗaukowa ya harhaɗa da hannunsa a kan kwamfutarsa. Ya ce akwai wani abu mai suna CMake, wanda shi ne shugaban magina: ko kwamfuta mai Windows ce, ko Linux, ko Mac, zai duba fili, ya ga kayan da ke akwai, ya raba wa kowa aikinsa.

Jemimah ta ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka taɓa yi?"

"Ni? Sista Jemimah, I don do am tire, na yi har na gaji. Ni na harhaɗa wa wani babban kamfani a Fatakwal."

"Wane kamfani?"

"Sun sa na rantse."

"Sun kyauta wa kansu," in ji ta, ta ɗauki jakarta.

A nan dole in faɗi laifina, domin ban koya wa yara ɓoye kuskure ba. Da Jemimah ta fita, ya rage murya ya ce, "Malama, in ni na gina ta, zan rubuta a goshinta cewa don Malama Haulatu Indabawa aka gina. Duk wanda ya buɗe, sunanki zai fara gani." Sai na ji zuciyata ta yi laushi. Na miƙa masa kwamfutar da malamai suka haɗa suka ba ni ranar da na yi ritaya. Ya karɓi wayata, ya kwashe darussan duka ya mai da su cikin kwamfutar, ya ce waya ba wurin ajiye abu mai daraja ba ce. Monday kuma yana ta ƙwala masa kira ta taga ya zo a ƙarasa ɗaya rabin.

Ranar Talata da hantsi ya shimfiɗa aikinsa a barandata. Ya buɗe wata baƙar taga a fuskar kwamfutar, ya rubuta layi ɗaya, ya danna, ya harɗe hannuwa. Rubutu ya zubo. Ni dai Turanci ban manta shi ba, na sa tabarau na karanta.

"Abdulmuhaimin, nan ya ce bai samu abin harhaɗawar ba. Nan ma ya ce bai samu wani abu ba. Nan ma. Ka kira magina babu ko cokalin gini?"

"Malama, gaisuwarsa ke nan. Haka yake fara wa kowa."

"Wannan ba gaisuwa ba ce, ƙorafi ne. Na san bambancinsu, darasina na farko ke nan."

Ranar nan gaba ɗaya a sauke kayan haɗi ta tafi. Ya sauke wannan, CMake ya ce saura wancan. Ya sauke wancan, aka ce tsohon yayi ne, a kawo sabo. Ya cinye datata, ya cinye ta Monday, ya cinye kwanon tuwon da na ajiye wa kaina, yana cewa ƙwaƙwalwa ma inji ce.

Ranar Laraba aka fara ginin gaske. Wata lamba ta bayyana a gefe tana hawa: uku cikin ɗari, huɗu, bakwai. Kafin azahar barandata ta koma gidan kallon ƙwallo. Monday ya fito da mutum biyu da bai gama aske su ba. Rabi mai zoɓo ta ajiye kularta. 'Yan okada biyu suka kashe babura suka jingina da bango. Duk lambar da ta ƙaru sai a yi shewa.

Kwamfutar ta fara huci, fankarta na kuka kamar jirgi zai tashi. Abdulmuhaimin ya taɓa ta, ya janye hannu, ya juya wajen Rabi.

"Hajiya Rabi, ara min ƙanƙara leda huɗu."

"Zoɓona fa?"

"Tarihi ake kafawa a nan, kina maganar zoɓo."

"Tarihin nan zai sha da sanyi ne?"

Ta dai ba shi. Ya jera ledojin a kan tire, ya ɗora kwamfutar kyautar ritayata a kai kamar kifi a kasuwar Kenyatta.

Ni kuwa idona na kan wani rubutu rawaya da ke ta wucewa. Gargaɗi. Gargaɗi. Gargaɗi. Na ɗauko jan biro da takarda na fara ƙirgawa. Na kai ɗari biyu da sha ɗaya kafin idona ya fara ruwa.

"Tsayar da shi. Gargaɗi ɗari biyu da sha ɗaya, ba ka karanta ko ɗaya ba."

"Malama, ba a karanta gargaɗi. Duk duniya babu mai karantawa."

"Shi ya sa duniyar take yadda take."

A sittin da ɗaya lambar ta tsaya cak. Jan rubutu ya fito. Monday ya ɗora hannu a ka ya ce, "Kai! An ci mu!" Na karanta: babu sauran wuri a cikin kwamfutar. Abdulmuhaimin ya juya mana baya, ya kare fuskar da kafaɗarsa, ya yi 'yan danne-danne, ya juyo yana murmushi.

"Shi ke nan. Na share shara."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Aka ci gaba. Sittin da biyar, saba'in, saba'in da huɗu. Sai ja ya sake cika fuskar, wannan karon shafi guda. Ya sake farawa, ya tsaya a saba'in da huɗu. Ya kashe ya kunna, saba'in da huɗu. Ya hura mata iska ta gefe kamar mai hura gawayi, saba'in da huɗu. Ɗaya daga cikin 'yan okadan ya ce, "Oga Injiniya, ko mu tura ta ne ta tashi?" Rabi ta zo ta janye tirenta, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, ta tafi tana faɗin maganganun da ba zan sa a rubuce ba.

Abdulmuhaimin ya miƙe ya yanke hukunci. Laifin kwamfutata ne, irin ta malaman makaranta ce, ba ta saba da aiki mai nauyi ba. Amma babu damuwa, ai amfanin CMake ke nan, kowace na'ura tasa ce. Zai kwashi ginin yadda yake a saba'in da huɗu, ya zuba a ɗan filas na ajiyar bayanai, ya kai wa wani abokinsa mai kwamfutar Mac a Onitsha a ƙarasa sauran ashirin da shida.

Na ce, "Ana ɗaukar gini rabi a kai wani gari?"

"A ilimin zamani ana yi, Malama."

Ranar Alhamis da la'asar ya kira ni. Na buɗe muryar wayar don Monday da Rabi su zama shaidu. Ana jin hon ɗin manyan motoci a bayansa da masu kiran fasinjan Kano.

"Malama, akwai 'yar ƙaramar matsala. Ya ƙi."

"Wa ya ƙi?"

"CMake. Ya ce wannan gini ba a nan aka aza harsashinsa ba. Ya haddace adireshin kwamfutarki, ya ce shi can ya sani."

"Ashe ya fi ka tarbiyya. Ya san gidansu."

"Abin da nake gani, in wuce Fatakwal. Iskar teku tana taimaka wa na'ura."

"Abdulmuhaimin, in rana ta faɗi gobe ba ka gabana, zan zo Abakpa in karanta wa maƙwabtanka sakamakon jarrabawarka ta aji huɗu. Yana nan a akwatina."

Daga baya Jemimah ta gaya min cewa abin da ake yi shi ne a bar tsohon ginin, a ɗauki tushen kawai, a fara sabo a sabon wuri. Ta ce yana rubuce a takardar bayanin da ke tare da tushen, shafin farko. Amma mutumin da ba ya karanta gargaɗi, ina zai karanta bayani?

Ya dawo a daren, da sassafe ya zo ya ɗauki kwamfutar zuwa shagonsa, ya ce idon jama'a ne ke hana ta aiki. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a sai ga shi da sabuwar shadda da baƙin tabarau, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu. Ya miƙo min wayarsa. Hoton baƙar tagar ne: ɗari bisa ɗari. Babu ja ko ɗaya. Babu rawaya ko ɗaya.

Monday ya ɗaga shi sama. Rabi ta yafe ƙanƙara. Ni kaɗai ce ban yi murna ba, domin na taɓa ganin irin wannan tsabta.

A aji huɗu, ƙarshen zango, na tattara littattafan lissafi. Na Abdulmuhaimin ya fi na kowa kyau: goma bisa goma, goma bisa goma, babu jan biro ko ɗigo. Amma da na ɗaga shi sai na ji ba nauyi. Littafi mai ganye arba'in, na ƙirga na sami sha ɗaya. Duk shafin da na sa masa gyara, maimakon ya gyara, sai ya yage shi.

Na ce, "Ina gargaɗina ɗari biyu da sha ɗaya?"

"Na yi maganinsu."

"Kawo kwamfutar in ji darasi ɗaya."

"Tana hutawa, Malama. Ta sha wahala. In aka tashe ta yau, gobe ba za ta yi ƙarfi ba. Mu haɗu a Onitsha."

Na kira Jemimah. Motarsu ta lalace a hanya, ta ce kai tsaye za ta wuce Onitsha, don ita aka ba aikin lasifikokin taron. Haka na kwana da wannan ɗari bisa ɗari a ƙirjina.

Ranar Asabar zauren ya cika. Yana bayan tashar Upper Iweka, duk motar da ta wuce sai tagogi sun yi rawa. Wakilan Fatakwal a dama, na Onitsha a hagu, mu na Enugu a tsakiya, mata a baya, yara kusan sittin a kan tabarmi a gaba suna ta surutu da Ibo da Turancin kasuwa. An haska fuskar kwamfutata a jikin bango. Alhaji Mijinyawa ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sallamar motoci a kan lokaci.

"Malama, bismilla. Minti goma."

Kafin in miƙe, Abdulmuhaimin ya riga ni zuwa makirufo. Ya gai da shugaba, ya gai da wakilai gari-gari, ya ba da tarihin kwana biyar da ya yi ba barci, ya ce wannan ce manhajar sauti ta farko da Bahaushe ya harhaɗa daga tushe tun daga kogin Kwara har bakin teku. Ya ce duk mai bukata ya same shi a Abakpa. Ya faɗi lambar wayarsa sau biyu. Minti huɗu daga cikin gomana.

Sai ya danna.

Fuskarsa ta cika bango. Baƙin tabarau, hannu a haɓa, a sama an rubuta INJINIYA ABDULMUHAIMIN da harufa masu ruwan zinariya. Na duba goshi, na duba gindi, na duba gefe. Babu sunana.

Aka tafa. Aka jira. Shiru.

Ya sake dannawa. Shiru. Ya juya wajen Jemimah ya ce, "Sista, lasifikokinki ba su da lafiya."

Jemimah ta ƙwanƙwasa makirufo da yatsa, zauren ya amsa har wani jariri ya fashe da kuka. Ta ce, "Lafiyarsu ƙalau."

"To wayar da ta haɗa su ce."

Ta canza waya. Shiru.

"Wutar Onitsha ce, ba ta da nauyi irin ta Enugu."

Wani dattijo daga Fatakwal ya ɗaga sanda ya ce, "Injiniya, tambaya nake. Hoton nan ne zai koya wa jikokina Hausa?"

Abdulmuhaimin ya danna hancinsa a hoton. Ya danna tabarau. Ya danna kunne, wai ko a nan sautin yake. Babu wurin kunnawa, babu wurin tsayarwa, babu ma wurin rufewa. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddar.

Jemimah ta matsar da shi gefe da gwiwar hannu. Ta danna maɓallai biyu, fuskar ta koma baya, ta yi ɗan bincike, sai ga wani dogon jeri a bango. Sai ta kira ni.

"Mama, zo ki gani. Wannan ita ce takardar da CMake yake bi. Sunayen duk sassan manhajar ne a jere, wanda aka rubuta shi ake ginawa."

Na ce, "Rajista ke nan."

"Rajista ce. Kin ga wannan 'yar alama mai kama da shinge a gaban suna? Duk wanda aka sa wa ita, ba za a kira shi ba. An kore shi."

Na sa tabarau. Shinge, shinge, shinge, tun daga sama har ƙasa. Sunaye fiye da ɗari uku, guda tara ne kawai babu shinge. Duk sashen da ya yi ƙorafi, ja ko rawaya, yaron nan bai tambayi abin da ke damunsa ba, ya kore shi daga aji. In korarren ya bar wani yana kukan rashinsa, shi ma a kore shi. Haka ya yi ta yi har aji ya yi tsit.

Ban san lokacin da makirufo ya zo hannuna ba. Muryar da na ajiye tun ranar ritaya ta dawo da kanta.

"Kowa ya zauna daidai! Za a kira rajista. Jemimah, ki fassara min sunayen."

Yara sittin suka yi tsit. Har wakilai suka gyara zama.

"Sashen da ke buɗe sauti?"

Jemimah ta ce, "Ba ya nan."

"Sashen da ke fitar da sauti zuwa lasifika?"

"Ba ya nan."

"Sashen da ke cire ƙarar janareta, wanda dominsa aka fara wannan wahala?"

Wannan karon ba Jemimah ce ta amsa ba. Yaran ne, baki ɗaya, da Hausa tsantsa: "Ba ya nan!"

"Mai ɗaukar murya?"

"Ba ya nan!"

"Mai adanawa?"

"Ba ya nan!" Yanzu har da mata, har da dattijon Fatakwal yana buga sanda a ƙasa.

"To wa ya zo?"

Jemimah ta duba ta ce, "Mai buɗe taga, da mai nuna hoto."

Abdulmuhaimin ya ce, "Amma dai Malama, ki yi adalci, babu kuskure ko ɗaya."

Na ce, "Bar manhajar. Jemimah, sa musu darussan haka nan, da janaretan da komai. Saura minti biyu."

Ta duba inda ya ce ya ajiye su. Ta duba wani wurin. Ta duba kwandon shara na kwamfutar, wanda shi ma an zazzage shi. Ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai.

Na juya. "Darussana goma sha biyu?"

Yaran, Allah ya shirye su, har jam'i suka iya: "Ba sa nan!"

"Malama," in ji shi yana ja da baya, "ranar Laraba da wurin ajiya ya ƙare, na duba na ga su ne suka fi komai girma. Ban san su ba ne, ba su da suna, lambobi ne kawai..."

Sharar ke nan. Wata ukuna.

A nan ne tebur ya shiga tsakaninmu. Kafin in zagayo, ya bi ta ƙofar mata ya faɗa cikin cunkoson Upper Iweka. An ce an ga shadda tana tsallake gota.

Jemimah ta tuna da darasi na farko da na tura mata ranar Litinin. Ta jona wayarta, muryata ta fito, janaretan Monday na rakiya. "Sannu da zuwa." Daƙiƙa arba'in aka ji, Alhaji Mijinyawa ya ɗaga agogo.

"Malama, lokaci ya cika. Janaretan dai mun ji shi sosai." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Sai ya goge ido da bakin rawani ya ce, "Amma shekara ashirin ina wannan taro, ban taɓa jin yaran nan sun haɗa kalma uku ta Hausa ba sai yau. Ba za mu ce baɗi ba. Kwamiti zai zauna a Fatakwal nan da wata ɗaya. Ki kawo sha biyun cif. In babu, to babu."

Wata ɗaya, in sake aikin wata uku. Yau saura kwana ashirin da uku.

Kuma kada ku ɗauka ya yi nadama. Labari ya zo min cewa yana zaune a Abakpa yana gaya wa mutane manhajarsa ce ta buɗe bakin yara sittin a minti shida, wai da gangan ya cire sautin don dabara ce ta koyarwa daga ƙasar waje.

Ga abin da nake nema, kuma ina kira ga Alhaji Mijinyawa da dattawan Uwani da na Abakpa su tsaya min. Abdulmuhaimin ya zo barandata, ya zauna a kan benci, ya cire shingen nan ɗaya bayan ɗaya, ya mai da kowane suna cikin rajista. Duk sashen da ya yi ƙorafi, Abdulmuhaimin ya karanta ƙorafin da ƙarfi in ji, ya nemo abin da ya rasa, ya ba shi. Ni zan zauna a gefensa da jan biro. Ba don ina bukatar manhajarsa ba, Jemimah ta riga ta sauke ginanniyar a tata kwamfutar, ta tsince janaretan daga darasi na farko kafin shayina ya huce. Don dai akwai gyaran da nake binsa tun aji huɗu, ganye ashirin da tara, kuma ban yafe ba.

Sa'annan duk safiyar da zan ɗauki murya, shi zai je ya roƙi Monday ya kashe janareta, ya tsaya yana yi wa masu aski fifita da kwali har in gama.

Sai fuskarsa. Ya saita abin ta yadda duk lokacin da na kunna kwamfutata, shi nake fara gani, da tabarau, hannu a haɓa. Jemimah ta ce minti ɗaya ya ishe ta ta cire. Na hana ta. Wanda ya yi kuskure shi ke gyara. Kafin nan na liƙa takarda a daidai wurin.

Jiya na rubuta duk wannan a takarda, na hau okada har Abakpa Nike don in ba shi hannu da hannu. Shagon a buɗe, fanka na juyawa, kwanon shinkafa a kan kanta da cokali a ciki yana tururi. Takalmansa na bakin ƙofa. Na tsaya na gyara murya, na kira shi yadda nake kiransa a aji huɗu.

"Abdulmuhaimin!"

Sai daga ƙarƙashin kanta wata murya da na sani tun tana da shekara tara ta amsa a hankali:

"Ba ya nan."

Na jawo bencin mai shagon kusa, na zauna, na buɗe jan birona. Na gaya wa kantar cewa ni 'yar fansho ce, babu inda za ni, kuma shinkafar tana hucewa.